Yarinyar Zauro da Malama Sauda ba ta taɓa kiran sunanta ba

Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Da hantsin ranar Talata, 14 ga Maris, 1989, Allah ya karɓi ran mahaifiyata, Malama Sauda Labbo, a gidanta da ke Birnin Kebbi, bayan gajeriyar jinya.

Inna, a Jihar Sakkwato an san ki da koyar da ilimin halayyar ɗan Adam a kwalejin horon malamai: yadda jariri ke fara gane fuskar uwarsa, yadda hankalin yaro ke buɗewa mataki-mataki, har ya zama babba mai ɗaukar nauyin wasu. Ke kika hana malaman firamare da dama dukan yaro a kan abin da shekarunsa ba su kai ba. Har yau ana labarin ɗalibar da ta haihu dab da jarrabawa, kika karɓi jaririn kika goya, kina zagaya aji har uwar ta gama rubutu.

Amma ni Riskuwa, 'yarki ta fari, ban san wannan Malamar ba. Ana yaye ni aka kai ni Zauro wajen Kaka, can na girma a bakin fadamar shinkafa. Kunyar 'yar fari kuwa kin riƙe ta gam. Ba ki taɓa kiran sunana ba, "ke wannan" shi ke nan. In kin zo Zauro sai ki zauna gindin rumbu kina hira da Kaka, ko kallon kirki ba kya yi mini. Na sha tambayar kaina: matar da ke koya wa mutane cewa shaƙuwar uwa da ɗa ita ce tushen natsuwar mutum, ni ina matsayina a zuciyarta? Da wannan tambayar na zauna makokinki, wallahi tana ci na.

Ranar sadakar uku tsofaffin ɗalibanki suka zo daga Argungu da Gulma, mota cike. Cikinsu akwai Malama Laure, shugabar wata firamare. Ina miƙa mata ruwa, sai ta ƙura wa tabon da ke girata ido, ta dafe ƙirji.

"La'ilaha illallahu! Yarinyar Zauro, ashe ke ta! Ashe ɗiyar Malama ta!"

Nan fa suka kewaye ni, kowace na katse 'yar'uwarta. Ashe duk matakin girma da za ki koyar, misalinki "wata yarinya a Zauro" ne. Tana rarrafe, in ta ga baƙo sai ta tsala kuka ta kama zanin uwarta. Kika ce musu ba mugun hali ba ne, ta san nata ne. Ranar da ta fara tafiya ta faɗa kan bakin turmi ta fasa gira, ta miƙe ta sake gwadawa. Tana 'yar shekara huɗu ta yi birgima wai an cuce ta, don an zuba mata fura a ƙoƙo mai faɗi, ta wata 'yar'uwarta kuma a dogon kofi. Da ta kai bakwai, ita ke yi wa ƙanana dariyar haka. Da ta zama budurwa ta yi ta gardama da kowa, kika ce a bar ta, kanta take nema. Ashe zaman gindin rumbun nan, da gefen ido kike haddace ni.

Malama Laure ta share hawaye ta ce, "Bara munka zo gaishe ta, ta ce yarinyar ga ta zama uwa, in muna neman wanda ya cika mutum, ita ta. In ta zo kan labarinki, har muryatta ka rawa."

Na yi kuka, Inna, amma na alfahari. Yara ba adadi sun tsira daga bulala saboda abin da kika gani a kaina.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifinmu Malam Ummaru, da ƙannena Usmanu da Dikko, da ɗalibanki duk inda suke. Allah ya ba mu haƙuri. Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya sa ilimin da kika bari ya zame miki sadaka mai gudana. Ya kuma haɗa mu a Aljanna, inda babu kunyar 'yar fari, ki kira ni Riskuwa ko sau ɗaya ne. Amin.