Ƙanƙarar da Ta Hau Dutse

Wata rana da zafi ya kai intaha, matar Kar-ta-narke ta roƙe shi ɗan ɓalli ɗaya na ƙanƙara, kamar kan yatsa, ta jefa a kofi. Ya biyo ta gida ne ɗaukar igiya, da manyan sanduna huɗu na ƙanƙara ɗaure a bayan kekensa. Ya hana ta, wai kayan mutane ne. Da ya dawo da yamma maƙogwaro a bushe, ya tarar ta tafasa ruwan shan gidan kaf, ta miƙo masa kofi yana tururi, ta ce ai sanyi kayan mutane ne. Kwana tara yana hura ruwan sha kamar shayi. A na goma ya turo mata tsohon firji a baro, yana ƙunƙuni. Ta ci wannan faɗan, amma halin yana nan daram.

Shekara talatin da ɗaya yana kai ƙanƙara daga masana'anta zuwa shagunan masu kifi da masu lemo da ke unguwar kan tudu. Sunan ma daga ihunsa ya samo asali: hanya, kar ta narke. Yana da tsarinsa: jiƙaƙƙen buhu a ciki, garin katako, busasshen buhu a sama, ɗauri uku. Ba ya tsayawa a rana, ba ya amsa gaisuwa, kuma ko ɗigon da ya zubo daga kaya ba ya lasa. Mutumin kirki ne, amma zama da shi sai mai haƙuri.

Sai mai masana'antar ya rasu, ɗansa ya zama manaja. Wannan manajan, da a gaban Kar-ta-narke ya koyi tafiya, shi ne ya kira shi ofis mai na'urar sanyi, ya ce masa Baba shekaru sun ja, zafin bana ba na wasa ba ne, daga farkon wata babur mai ƙafa uku zai riƙa kai kaya kan tudu. Shi kuma an ajiye masa kujera a bakin ƙofa, ya riƙa buɗe wa motoci. Har da murmushi, kamar wanda ya ba da kyauta.

Tsohon ya tsaya yana huci. Kujera! Shi da ƙafafunsa suka san kowane rami na hanyar nan. Idonsa ya faɗa kan wata takarda manne a bango: tseren keken hawa dutse, kilomita saba'in cikin duwatsun bayan gari, masana'antar ce ma za ta ba da ƙanƙara. Ya ce zai shiga. Manaja ya yi dariya har da buga tebur, ya ce in Baba ya kai ƙarshe kafin a rufe da ƙarfe huɗu, hanyar kan tudu tasa ce har ya gaji.

Matarsa ta ce in ya mutu a dawa kada gawarsa ta biyo ta ƙofarta. Maƙwabcinsu mai gyaran keke ya ara masa keken dutse mai manyan tayoyi, suka kusa dambe saboda tsohon ya dage sai an ɗaura masa kariya a baya. Wai keken da ba shi da wurin ɗora kaya abin wasan yara ne. Buhunansa ma ya naɗe ya ɗaure, don bai taɓa hawa keke ba su ba.

Ranar tseren, tun hantsi ƙarfen keke ke ƙona hannu. Samari cikin matsattsun wanduna masu sheƙi suka wuce shi kamar iska, ɗaya har yana tambayar ko Baba hanyar asibiti ya ɓata. Tsohon ya ci gaba da tafiyarsa. Fushi ne ke murza masa feda. Duk hawan da ya tunkara, fuskar manaja yake gani a samansa, yana taka ta. Kafin azahar ya fara wuce su ɗaya bayan ɗaya, kwance a gindin duwatsu suna amai, har da mai maganar asibitin.

A tashar ruwa ta tsakiya, wata ma'aikaciyar jinya ta ga yadda idonsa ya kaɗa, ta danƙa masa ƙaton ɓarin ƙanƙara, ta ce, “Baba, ga wannan, ka tafi da ita.” Nufinta ya sa a wuya ko cikin riga, yadda kowa ke yi. Shi kuwa an miƙo masa ƙanƙara an ce ya tafi da ita. Hannunsa bai yi shawara da kansa ba. Ya jiƙa buhu, ya naɗe, ya rufe da busasshe, ɗauri uku, ya hau.

Kilomita talatin da biyar ya yi da maganin zafinsa a bayansa bai taɓa ba. Harshensa ya kumbura, cinyoyinsa suka riƙa ɗaurewa, dutse ya riƙa zama biyu a idonsa. Inda hanya ta rabu, gajera cikin rana da doguwa ta ƙarƙashin tsauni, duk dai cikin hanyar tseren, sai ya bi doguwar don inuwa. Ba don kansa ba, don kaya. Ya faɗi sau biyu, kuma kowane karo ɗaurin ya fara dubawa kafin gwiwarsa da ke jini.

Ya iso ƙarfe huɗu da minti goma sha ɗaya. Har an naɗe tutar ƙarshen tsere.

Filin ya zama kamar ɗakin jinya. Masu tsere a zube ƙarƙashin rumfa, ana ta neman ƙanƙara babu. Babur mai ƙafa ukun ya kawo tasa tun tsakar rana a lulluɓe da baƙar leda, direban ya ajiye a rana ya tafi kallo. Abin da ya rage a bayan babur ɗin ya ishi agwagwa wanka.

Manaja, wanda masu shirya tseren suka gama wanke shi tas a kan rashin ƙanƙara, ya zo ya huce a kan tsohon. Ya nuna masa agogo, ya ce alkawari alkawari ne, minti goma sha ɗaya ba wasa ba ne, ga shi nan ko tsayuwa ba ya iyawa, kujerarsa tana jiransa.

Matar, da ta rantse ba za ta zo ba amma tun safe take wurin da lema, ta hango ruwa na ɗiga daga buhu. Ta kwance. Ƙanƙara ce, fara sol, ta fi kan mutum girma.

“Malam, kana nufin da wannan a bayanka ka kusa kashe kanka? Wallahi an yi asarar wayo!” Ta juya kan manaja. “Kai kuma ɗan nan, ka rufe min baki, da hannuna na share maka majina.”

Ma'aikatan jinya suka zo da gudu suka fasa ƙanƙarar, aka rarraba wa waɗanda suka fi jigata. Matar ta fizge ɓalli ɗaya ta danna wa mijinta a ƙeya, yana ture hannunta wai ba nasa ba ne. Manaja bai daddara ba, ya ci gaba da cewa tsere dai an yi shi ne don a ga wanda ya iso a kan lokaci, mutum arba'in sun riga Baba.

Har yau keken Kar-ta-narke ne ke hawa tudu, kujerar kuma mage ce ke barci a kanta, saboda amsar da ya bayar daga kwance, da muryar da ta dushe:

“Yallaɓai, su arba'in ɗin kansu kawai suka kawo. Baburinka ya kawo ruwa. Ni na kawo kaya.”