Munduwar Kakata da Idon Abokina

Shekarun baya, tun Faransa na riƙe da ƙasar nan, ni ɗan balo ne, wato ɗan ƙwallon ƙafa, a Dogon Dutsi. Kada ku yi dariya, wannan tumbin daga baya ya zo. Lakwal, wato makarantar boko, shekara biyu na yi aka gane ba wurina ba ne, amma malamin da ya kore ni, wanda muke ce wa mushe, shi ne mai busa mana usur a fili, don haka ba mu rabu ba.

Mushe yana da doka da ya ce daga littafin Turawa take. Kafin wasa sai mu jera, ya duba wuya, ya duba yatsu da ƙafa. Zobe, laya, duk wani ƙarfe, a tuɓe. "Don kada ku raunata juna," in ji shi. Mu kuwa gani muke tsirara yake so mu shiga fili.

Ranar da ƴan Matankari za su zo, kakata ta ba ni munduwar ƙarfe mai kaushin baki. Ta ce in tana hannuna babu iskar da za ta ɗaure mini ƙafa. Na tura ta kusa da gwiwar hannu, na naɗe da tsumma, na tauna goro na tofa a kai ya yi ja.

Mushe ya iso kaina. "Mi ya same ka?"

"Jaki ya cije ni, mushe."

"Ya gane ɗan'uwansa," ya ce, ya wuce. Na ji ni gwani.

Mai tsaron gidanmu abokina ne, tela, shi ya ɗinka mana rigunan wasa. Aka bugo balo sama gaban gidanmu, muka yi tsalle mu uku: ni, shi, da wani dogo na Matankari, ɗan wani gardi mai yi wa Turawa dogaranci, shi kaɗai ke da takalmin balo a filin. Na ji hannuna ya daki wani abu. Muka zube tare. Da na tashi, abokina na riƙe da idon hagu, jini na bin yatsunsa, takalmin dogon nan kuma daf da fuskarsa. Jama'a takalmin suka gani.

Wani ya ce, "Kai mai tsumma, kwance a ɗaure mishi." Na ce ciwona zai buɗe. Sai aka yagi riga.

A lokacin dokar ba ta yarda a canja ɗan wasa ba, in ɗaya ya fita sai ku ƙarasa ku goma. Ni na fi kowa roƙonsa: "Daure, saura kaɗan." Ya daure har aka tashi. Da aka kai shi wurin likita, idon ya riga ya tafi.

Mushe ya hana dogon nan shiga fili har abada. Ina tsaye dogon yana rantsuwa ƙafarsa ba ta taɓa kowa ba, na sunkuyar da kai. Munduwar kuwa tabki na jefa ta.

Daga nan na zama ɗan zaman shagon abokina. Kullum ni ke zura masa zare a allura, mutane na yabon amincina. Sai da furfura ta fito mana na iya buɗe baki.

"Tela, akwai wata magana."

"Ta jakin da ya cije ka?" Bai ko tsayar da keken ba. "Tsumman ya zame da ka yi tsalle. Ƙarfen nan shi ne abu na ƙarshe da idon ga ya gani."

"Mi ya hana ka faɗi?"

"Jira nike in ga yaushe za ka faɗi da bakinka. Ka daɗe. Zura mini zaren."

Shi ya yafe. Dogon Matankari kuwa na je nemansa aka nuna mini kabarinsa.

Yanzu in jikokina na kallon manyan ƴan wasa a tele, suna gardama ko dokokin nan na kare su, ga likita bakin fili, ga canji, ba na sa baki. Dokar mushe ba ta da laifi, inda aka nuna mata ta duba. Ni dai in na ga ɗan wasa ya shigo da hannu a naɗe, sai in tashi in ce alwala zan yi.