Zoben da Aka Naɗa wa Zare

Matar tana tsaye gaban teburin maƙerin zinariya, jaka a hammata, ƙurar alli a hannun rigarta. Malamar makaranta ce, in ji shi a ransa, ta sato jiki kafin a koma aji. Tana kwance bakin hankici a hankali, kamar abin da ke ciki zai farka. Zobe ne mai koren dutse, an nannaɗe shi da zaren ɗinki, fari da ja da baƙi.

"Baba, so nake in san wane irin dutse ne. Na Innarmu ne, har ta rasu ba mu tambaye ta ba."

Ya maƙala gilashi a ido, yana juya zoben. Irin wannan naɗin ba baƙonsa ba ne: yatsa yana ramewa, mai shi tana ƙara zare don kada zobe ya sulluɓe. Farin ya zauna tsaf, aikin hannu mai ƙarfi. Baƙin kuwa a karkace yake, da gani ƙarfin hannun ya ƙare.

"Zaren ya tare bayan dutsen, 'yata. Sai na yanke zan gane."

Yana ɗaukar almakashi, ta dafe zoben.

"Baƙin nan ni na riƙe mata bakinsa tana naɗawa. Bar shi, Baba."

"To, zumurrudu ne ko kwalba, ba kya son ji?"

Ta yi ɗan murmushi. "Kore ne."

Ta zura shi a ƙaramin yatsanta, don nan kaɗai yake shiga.