Kawu Illa da Ƙin Tafinta

Ku da kuka san Kawu Illa, wa ya taɓa ganin shi zaune daram? Rabin jiki bisa kujera, ƙafa na rawa, hula a hannu. Ka soma gaisuwa ya tare ka: "Lahiya lau, har awaki. Mi ya kawo ka?"

Bayan samun 'yancin kai aka tura shi Faransa koyon ordinata, na'urar lissafin da a lokacin takan cika ɗaki. Da ya dawo aka aje shi biro, wato ofis, a Tawa, inda ko mai kama da ita babu. Mu 'ya'yan 'yan'uwansa muka shiga uku! Kullum karatu guda: na'ura tana da nata harshe, asambila, umarni ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuma manyan harsuna masu sauƙin rubutu, amma sai wani tafinta a cikinta ya juya mata.

"Tafinta ɓarawon lokaci ne! Ka ce ruwa, shi sai ya gaida mai guga tukuna."

Ƙin tafinta ya kai shi kasuwar Barmu sayen akuya wajen wani Buzu, da Buzancin da ya tsinta a hanya. Har la'asar suna wurga hannuwa. Sai ga shi yana jan tsohon jaki. Muka ce, "Kawu, ina akuyar?"

"Ku hwaɗi gaskiya, akwai wanda ya shiga tsakaninmu?"

Neman auren Inna Hajo ma bai aiki kowa ba. Ya doshi mahaifinta ya ce, "Baba, ɗiyarka nika so." Tsoho ya raka shi da sanda. Sai da dattawa suka sha zarya kafin a gyara. Har yau Inna na cewa gaggawarsa ce ta tsufar da ita gidan ubanta.

Abokin gardamarsa Mushe Bulus ne, malamin lakwal, wato makarantar boko (can malami Mushe ake ce masa), Kirista daga kudu. Sun yi furfura kafin ordinata ta iso Tawa, sai suka sa gasar lissafi guda. Bulus ya rubuta nasa da harshen Besik mai tafinta da yamma ɗaya, na'ura ta yi ta nishi har shayi ya nuna kafin ta ba da amsa. Kawu kuwa tun shuka yake fama da asambila, bai gama ba sai da aka yi girbi. Aka danna, kafin ƙiftawar ido ga amsa! Ya daka tsalle.

Bulus ya ce, "Illa, naka ya yi gudu, amma kai rarrafe ka yi."

"Na'ura aka gwada ko ni?"

Ranar jana'izar Kawu, Bulus ya tsaya gefe, yana share ido da bakin riga, ya ce mini, "Ɗana, yanzu da wa zan yi musu?"

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka makwancinsa, ya ba tsohon abokinsa haƙuri. Amin.