Sarƙar da Ba Ta Aruwa

A shekarun da Turawa ke shirin tattara komatsansu, ni matar akawu ce a Kaduna, Bazazzagiya mai 'ya'ya biyu da keken ɗinki na hannu, da ɗan karatun boko da ya ishe ni karanta jarida da gyara wa mutane magana. Ba na tsoron taro, ba na kuma son in shiga wuri a rasa wanda zai waiwayo. Na fara da wannan ne, Edita, don masu karatu su san irin macen da ke ba su labari. Na ga ana ta tambaya a shafinku ko ya dace mace ta sayi kayan adon manyan kantunan Turai, irin waɗanda sunan kantin ya fi kayan tsada. Ni na taɓa saye, don haka ina da bakin magana.

Da muka zo daga Zariya ba mu sami gidan gwamnati nan da nan ba, sai muka kama haya a Unguwar Kanawa, katanga ɗaya da gidan wani malamin allo. Matarsa ta girme ni nesa ba kusa ba. Ba mu haɗa dangi ba, amma ita ta riƙe ni a haihuwata ta fari, ita ta yi mini wankan jego tunda uwata ta rasu, ita ce kuma kaɗai a garin nan take iya ce mini in yi shiru in yi. Yaya nake ce mata. A unguwar, mace ba ta mallakar kayan ado ita kaɗai. In biki ya taso, zanen wannan da awarwaron waccan da tasoshin gidan gaba duk sai su haɗu a ɗakin amarya. Aron yana da ƙa'idarsa, ko da yake ba wanda ya taɓa zaunar da wani ya koya masa. Mai aro ba ta mayar da kaya da dauɗa, sai ta wanke ta goge har ya fi yadda aka ba ta, ta ɗora goro a kai. Mai kaya kuma ba ta kafa sharaɗi. Ki miƙa wa mace abu ki ce ta kula da shi, kin gaya mata ke nan cewa ba ta san darajar kaya ba, kuma za a daɗe ana maimaita maganar a bakin rijiya.

Sarƙar wuyan da na saya, na fara ganin irinta ne a wuyan wata Baturiya da ke koya mana saƙa a ajin mata. Fararen ƙwayoyi ne na lu'ulu'u, irin wanda ake cirowa daga cikin ƙwanso a ƙasan teku, an jera su a zaren siliki, da ɗan maɗauri na zinariya a baya. Ba ta ƙyalli mai kashe ido irin na tagulla, haskenta a kwance yake kamar na madara. Ranar na ɓata layi uku a saƙata. Da aka zaɓi maigidana zuwa kwas a Ingila, sai na sayar da awarwaron azurfa da 'yan kunnen da na gada wurin uwata, na haɗa da abin da na tara na ɗinki, na damƙa masa. Ya ce in bari ya sayo mini zinariya a Kano, wadda ko ta karye maƙeri zai narkar ya sake. Na ce zinariyar Kano tana wuyan kowace matar ɗan kasuwa. Ya san halina, bai ƙara ba. Ya kuma cika daga aljihunsa, don abin da na bayar bai kai ba.

Ya dawo da ita a cikin ɗan akwati mai shimfiɗar karammiski, da sunan kantin an rubuta da ruwan zinariya. Ya ce kantin da matan sarakunan can ke sayayya ne, har mai gadin ƙofarsa ya fi shugaban ofishinsu kyan tufafi. Ya kuma isar mini da saƙon mai kantin, cewa kada turare ya taɓa ta, kada a jiƙa ta, kada wani abu mai tsami ya kusance ta, in an cire a goge da ƙyalle mai laushi kawai. Ba zan yi wa sarƙar nan ƙarya ba don ta jawo mini wahala daga baya. Tana da kyau, aikin kuma aiki ne. A lokacin mun koma gidan gwamnati ta wajen Kawo, kuma duk sunan da na je da ita a cikin matan ma'aikata sai an matso da ni kusa da taga an duba. Na ji daɗin abin ƙwarai, ba na ɓoyewa.

Ana nan sai auren babbar 'yar Yaya ya tashi, da wani malamin makaranta da yarinyar ke so. Yaya ta taho har gidana a ƙasa, muka ci muka sha, ta yi ta zagaye kafin ta ce tana son 'yarmu ta fita da sarƙar nan ranar buɗar kai. Ban yi jinkiri ba, na ɗauko na sa mata a hannu, kuma da zuciya ɗaya na yi. Saƙon mai kantin ya zo mini har kan harshe. Na dubi matar da ta taɓa wanke mini jiki ina kwance ba na iya ɗaga hannu, na ga ba ni da fuskar da zan koya mata riƙon kaya. Na haɗiye maganar, na ce Allah ya kai mu ranar. Amarya ta yi kyau har tsofaffi suna tofa mata addu'ar tsari, ni kuma ina gefe ina karɓar barka kamar ni na haife ta.

Bayan an watse da 'yan kwanaki Yaya ta kawo sarƙar da kanta, a naɗe cikin farin ƙyalle, da goro da dubulan a kwano. Ta ce hayaƙin turaren wuta da zufa sun dusashe ta, don haka ta yi mata irin wankin da take yi wa azurfarta, ta jiƙa ta a ruwan lemun tsami ta kwana, da safe ta cuɗe ta da toka mai laushi. Ta ce ta ga hasken bai dawo ba tukuna, amma wataƙila sai ta gama bushewa. Na buɗe ƙyallen. Ƙwayoyin sun koma kamar alli, wasu fatarsu ta ɗaye, zaren ya yi laushi yana neman tsinkewa. Maɗaurin zinariyar kaɗai ke walƙiya, shi kam ya sha wanki. Bakina ya riga hankalina. Na ce mata ta kashe ni, na ce ko gidansu aka sayar ba zai sayo wannan sarƙa ba. Ta daɗe tana kallon hannuwanta, sannan ta ja mayafi ta yi mini sallama.

Kafin la'asar sakaliya na huce, don ni fushina ba ya kwana. Na ɗauka zan je in ba ta haƙuri a wuce wurin. Ashe ta gaya wa mijinta Malam duk yadda aka yi, har da maganar gidan. Washegari ya zo ya sami maigidana a zaure, ya ce a abin da ya karanta, wanda ya ɓata kayan wani da hannunsa biya ya hau kansa, ko da gangan ko da kuskure, kuma abin da iyalinsa ta ɓata shi zai ɗauka. Ya ce ba shi da abin da ya kai wannan daraja sai gonarsa ta Rigachikun, ya riga ya yi wa dillali magana. Gonar nan ita ce abincin gidan. Daga ita ake kawo dawar da suke ci shekara, su da ɗaliban da ke zaune wurinsa, abin da ake kawo masa na sadaka kuwa bai wuce na cefane ba. Maigidana ya ce an yafe. Malam ya ce ba kayan maigidana ba ne balle ya yafe.

Na je da kaina, na durƙusa daga bayan asabari na ce na yafe duniya da lahira. Ya ce ya ji, Allah ya yi albarka, amma yafiyar da kunya ta sa aka yi ba ta halatta wa mutum dukiyar wani, kuma maganar da ta fara fita daga bakina ita ce ta zuciyata. Na koma na biyu, na tura wata dattijuwa ta unguwar, na tura limami. Duk amsa ɗaya. Mutumin nan ba ya ɗaga murya, ba ya kuma motsawa daga inda ya tsaya. Damina tana matsowa, dillali ya fara kai mutane suna taka gonar, har an ce wani ɗan kwangila daga Hayin Banki ya taya. In na tuna za a ce saboda adon wuyana gidan Yaya ya koma awo a kasuwa, sai in ji kamar in bar garin.

Da na ga roƙo ba ya ci, sai na koma wa halina. Na zauna na zare ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, na sake jera su a zaren ɗinki mai ƙarfi, na ɗaura abata a wuya. Akwai suna a gidan wani babban ma'aikaci, inda duk matan da suka taɓa yaba sarƙar za su hallara, can na nufa da ita. An kalle ni kam. Wata ta tambaya ko ta jabu aka sayar wa maigidana, wata ta ce ita da ma tun farko ta ga alamar haka. Na ce musu ta gaske ce, wanki ne aka yi mata irin namu ba ta ɗauka ba, kuma tawa ce, haka nake son ta. Daga can ban biya gida ba, na wuce Unguwar Kanawa. Na sa aka yi mini iso, na gaya wa Malam cewa sarƙar da zai biya ga ta a wuyana, yanzu na fito da ita daga taron mata, iyalinsa ta duba ta shaida masa. Na ce ban san yadda ake biyan kayan da mai shi ke sanye da shi ba. Na ce laifin ma nawa ne, an gaya mini abin da ba ta so na ɓoye. Na ƙara da cewa in ya sayar da gonar, ranar da kuɗin suka shigo hannuna zan kawo su tsakar gidansa in zube, in ya mayar in sake kawowa, mu ga wanda zai gaji. Can ya ce ya daɗe yana jin labarin taurin kan matan Zazzau, yau ya gani. Ya aika wa dillali a bar maganar.

An shuka gonar a wannan damina, da kaka Yaya ta aiko mini da sabuwar dawa. Na ci gaba da sa sarƙar shekara da shekaru, duk bikin da na san za ta je sai na ɗaura, don kada ta taɓa zaton na ajiye ta ne saboda baƙin ciki. Mun ci gaba da gaisawa, ta zo sunayen 'ya'yana, na je aurarrakin nata. Amma daga ranar nan Yaya ba ta sake aron komai a gidana ba. Lokacin auren ƙaramar 'yarta na kwashi zannuwana da tasoshina na kai mata ba tare da ta tambaya ba. Ta yi godiya sosai, ta sa su a ƙuryar ɗaki, bayan biki ta dawo mini da su a ɗaurin da na yi musu, ba a ko kwance ba. Na yi kuka a ranar fiye da yadda na yi a kan sarƙar.

To ga amsata ga masu tambaya, kuma ba da shakka nake ba da ita ba. Kayan manyan kantunan nan suna da kyau, wanda ya ce babu bambanci bai riƙe su a hannu ba ne. Amma an yi su ne don matan da ke sa abu su kaɗai, su cire su kulle a akwati. Mu ba haka muke zaune ba. Namu adon yana yawo gida-gida, yana shan turare da zufa da wankin mutanen da ke ƙaunarmu. Kafin ki sayi abu, ki tambayi kanki ko za ki iya miƙa wa wadda ta fi kusa da ke ba tare da gabanki ya faɗi ba. In yana da sharaɗi, ki daure ki faɗa tun a hannu, kunyar wannan lokacin ƙarama ce. In kuma ya lalace, ki kama bakinki har ki kwana. Ni na ceto gona da taurin kai, amma ban iya ceto sakin jikin da ke tsakanina da Yaya ba. Har Allah ya karɓi ranta, in ta shigo gidana sai ta tsaya a bakin ƙofa ta jira a ce mata ta zauna.