Matan Kwali a Kan Takarda

Shekarar da na tare a Garki ta Abuja, wata abokiyar aikina 'yar Jos ta ja ni baje kolin masu zane ranar wata Asabar. Na bi ta ne kawai don kada ta ce na cika zaman gida. A rumfar ƙarshe na tsaya cak. Hoton wasu mata ne suna gasa tukwane a Kwali, baƙi da ja kawai, amma kamar in ji zafin wutar a fuskata. Sai na ga wani irinsa sak a gefe.

"Ashe fotokwafi ne," na ce.

Mai rumfar, wata dattijuwa da ta yi ritaya daga koyar da zane, ta yi dariya. "Taɓa ki ji, 'yata."

Na shafa da ɗan yatsa. Tawadar ta ɗan tasa, takardar kuma ta lotsa a wasu wurare. Ta ce kowanne da hannu ta buga shi, in ina so in gani in same ta a Masaka. Na sayi ɗaya, na rungumo shi har gida kamar jariri.

Asabar ta gaba na sha cunkoson Mararraba ban ko yi tsaki ba. Ɗakin aikinta yana bayan gida, yana warin tawada da kananzir, hotuna rataye a igiya kamar shanya. Ta ɗauko wani katako da ta sassaƙe matan a kai, sai dai duk a juye: wadda ke dama a hotona tana hagu.

"Inda na ƙwaƙule, fari zai fito," ta ce. "Inda na bari, shi ke shan tawada. Ja ma da nasa katakon."

Ta mulka baƙar tawada a katakon, ta shimfiɗa takardar da ta riga ta sha ja a kai, ta miƙo mini cokalin miya.

"Mama, cokali kuma?"

"Goga da bayansa. Kada ki ji tausayinsa."

Na goga har gumi ya jiƙa mini ɗankwali. Da ta ce in ɗaga takardar a hankali daga kusurwa, sai ga matan suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, ga tukwane, ga hayaƙi. Na yi ihu har kajinta suka watse.

Wannan shi ne bugun ƙarshe. Ta rubuta lambarsa da fensir a ƙasa, ta sa hannu, sannan ta ɗauki ƙarfen sassaƙa ta ja wani dogon layi a tsakiyar katakon.

"Innalillahi! Mama, me kika yi?"

"Na yi wa waɗanda suka saya alkawarin iya adadin ke nan. Yanzu ko ni ba zan iya ƙarawa ba."

Na daɗe ina kallon katakon. Wato matan nan kaɗan ne a duniya, kuma ɗaya tana falona!

Daga nan abin ya shiga jinina. Ta haɗa ni da wani tsohon ɗalibinta mai zane a kan farantin tagulla. Da allura yake jan zanen, ruwan asid ya ci layukan, tawada ta kwanta a cikin ramin maimakon sama. Wurinsa na samo hoton Dutsen Zuma cikin hadari. Na koyi ɗaga takarda wajen haske don in ga ingancinta, na koyi nisanta hoto da rana da bango mai danshi. A ofis har tsokanata ake yi, wai kada a bar ni da kalanda, shafa ta zan yi.

Da mahaifiyata ta zo duba lafiyar ido, ta zagaya falon tana kallon bango. Ta tsaya gaban wani ƙaramin hoton zabi da na sayo kwanan nan.

"Wannan ta tsakiyar ta kusa yin ƙwai," ta ce. "Dubi tsayuwarta."

Ranar da za ta koma, da kanta ta sauke shi, ta naɗe a zani, ta sa a jaka.