Allah Ya Bayyana

Jikata ce take rubuta wannan, ni ban yi boko ba. Na ce ta rubuta yadda na faɗa, in kuka ya katse ni ta jira.

Maigidana yana da rumfa a kasuwar Katako. Mutum ne mai son littattafan Turanci na kisan gilla, labaran zamanin da, lokacin da gari ya rikice kowa yana tsoron maƙwabcinsa. Da la'asar ina tsintar wake yana juya mini su da Hausa. Na taɓa ce masa, "Malam, kai ba ka da hira sai ta gawa?" Ya ce, "To ke me ya hana ki tsintar waken, kika kasa kunne?" Duk labaran nan da gawa ake farawa, sannan a shiga neman wanda ya yi kisan.

Ni ko gawar ba a ba ni ba. Ranar da rikici ya ɓarke a Jos ya fita da safe duba rumfarsa, bai dawo ba. Mun zaga asibitoci, mun je wurin 'yan sanda. Da aka ce an tsamo mutane daga kududdufan kuza na wajen Naraguta, ƙaninsa ya je. Ya dawo ya kasa cin abinci, ya ce babu fuskar da za a gane.

Mata suka cika gidanmu na Tudun Wada, suka rasa gaisuwar da za su yi mini. Sai suka riƙa cewa "Allah ya bayyana", abin da ake ce wa wanda akuyarsa ta ɓata. Na riƙe wannan addu'a. Muddin ita ake yi mini, ni matar aure ce, shi kuma rayayye.

Shekaru suka tafi. Ƙaninsa ya zo ya ce, "Yaya, liman ya ce ki shiga takaba, a yi masa sadaka."

Na ce, "Wa ka wanke? Wa ka binne?" Ya tashi ya fita.

Maƙwabciyata Bayarabiya ce, Kirista, ɗanta ma a ranar rikicin ya ɓata. Wata safiya muna shanya ta ce da irin Hausarta, "Mama, kai kana nan kana jira. In mijinka ya mutu fa? Duk shekarun nan ba wanda ya roƙa masa gafara, saboda kai ka hana."

Na zauna a bakin rijiya da jiƙaƙƙen zane a hannuna. Ko sau ɗaya ban taɓa cewa Allah ya jiƙansa ba, kuma ban bar kowa ya faɗa ba. A nan na faɗa. Ji na yi kamar da bakina na kashe shi.

Na aika aka kira ƙaninsa, na shiga takaba. Matan suka dawo, da yawansu sun tsufa, wasu ma ba sa cikinsu, sun rasu. Suka ce, "Ya haƙuri?" Na ce, "Da godiya."